Kare da Tukunyar Wake

Duk macen da ta saba ɗora wake a murhu ta san tukunya ba ta tumbatsa farat ɗaya. Ruwan zai fara ɗan motsi a gefe, kumfa ta taru a hankali, murfi ya kama rawa, sannan ta zubo ta kashe wuta. Mai lura tun a kumfar farko take zare itace. Fushin kare ma haka yake hawa, kuma mutanen Idu suna da buƙatar sanin wannan. Unguwa ce ta masana'antu da rumbunan ajiya, ba a rasa karnukan gadi a ƙofofi, ga ma'aikata daga Karmo da Gwagwa suna ratsawa da ƙafa tun asuba, ga masu tallar abinci, ga matafiya masu nufar tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.

Kumfar farko ita ce aka fi yi wa sakaci. Kare ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya lashi hancinsa, ya kau da kai yana kallonka ta gefe har farin idonsa ya bayyana, kunnuwa sun kwanta baya. Roƙo yake yi a ba shi wuri. In aka ci gaba da matsowa sai jiki ya sandare, baki ya rufe gam, gashin gadon baya ya miƙe. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan haushi, domin mai haushi sau da yawa sanarwa kawai yake yi cewa ga baƙo.

Kaɗa wutsiya kuwa ya yaudari mutane da yawa, musamman yara. Wutsiyar da ke lilo a sake, ƙugu yana binta, ita ce ta maraba. Wadda ta ɗaga sama ƙyam tana karkarwa da sauri ta mai shirin faɗa ce, wadda aka cusa tsakanin cinyoyi kuma ta matsoraci ce, shi ma in ya rasa hanyar gudu yana cizo. Masu bincike a Italiya sun nuna a 2007 cewa wutsiyar kare takan karkata damansa in ya ga ubangidansa, ta karkata hagu in ya ga baƙon kare mai ban tsoro.

Gurnani shi ne rawar murfi. A nan nake da magana da masu gadi: Baba maigadi, in karenka ya yi gurnani kada ka zabga masa sanda. Tamkar ka ɗora dutse ne a kan murfi, tafasar tana nan, ƙarar kawai ka kashe. Karen da aka hana gargaɗi shi ne gobe za a ce ya ciji mutum ba dalili. Ka janye shi, ka duba abin da ya tayar masa da hankali.

Mai wucewa kuma ya tsaya cak, ya juya gefe, ya sauke hannuwa, ya daina haɗa ido da karen, sannan ya ja da baya sannu a hankali. Gudu yana tsokano shi, jifa ma haka.

In tsautsayi ya afka, a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kuma yara na cikin waɗanda ya fi shafa. Masu kamfanonin Idu, ku kai karnukanku wurin likitan dabbobi a yi musu allurar rigakafi, iyaye kuma ku koya wa yara waɗannan alamomi tun kafin ku aike su talla.