YAWON KEKE DA UWARGIDA: SHAWARA GA 'YAN'UWA MAZAUNA BADUN

Duk wanda ya baro Arewa ya zo Kurmi neman abinci ya san yadda zaman nan yake cinye mutum. Maigida ya fita tun da asuba, ko kasuwar Bodija ko ta Sasa ko bakin tasha, ba zai komo ba sai bayan lisha, ya ci tuwo yana gyangyaɗi. Uwargida kuwa tana cikin ɗaki ɗaya na haya, ba uwa kusa, ba ƙanwa, ba gidan suna ko na biki da za ta leƙa kamar a gida. A haka sai a shekara ba a yi hira ta minti talatin ba, in ka ɗebe maganar cefane da kuɗin haya. Da yawa auren da ya yi sanyi a Kurmi ba faɗa ne ya kashe shi ba, rashin zama tare ne.

To, ga miji da matar da Allah ya sa dukansu suna son hawan keke, akwai magani mai araha, watau su ware safiya ɗaya su fita yawo su biyu. Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023 kuɗin mota ya yi tsada ƙwarai, amma shi keke ba ya shan kome sai ƙarfin ƙafa. Hasali ma ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu da basukur suka san shi, kuma a zamaninsu saurayin da ya mallaki Raleigh sabo ful, da ƙararrawa da fitila, ba ya jin kunyar zuwa zance ko'ina. Har kamfanin ya taɓa kafa masana'antarsa a Kano.

Na san wani zai ce, ina aka taɓa ganin matar aure a kan keke? Wanda ya taɓa zama a ƙauyukan ƙasar Ibo ya ga mata, har da tsofaffi, suna tuƙa keke zuwa kasuwa da kayan rogo a bayansu, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Abin lura dai shi ne sutura. Uwargida ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure mayafinta tamau domin kada iska ta jefa shi cikin taya ko sarƙa, sa'an nan a samo mata keken mata, wanda ba shi da sandar nan ta tsakiya. In tana jin nauyin idon maƙwabta, sai a tura kekunan a ƙasa har a fita unguwa tukuna. Saurayi da budurwa kuwa da ba a ɗaura musu aure ba, lalle sai da iznin iyaye, kuma a tafi da ƙanenta a kan nasa keken.

Ranar da ta fi dacewa ita ce Lahadi, da an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa. A lokacin manyan motoci ba su yi yawa ba, masu zuwa coci ba su cika titi ba, rana kuma ba ta yi zafi ba. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu an fi samun sararin sama. Da damina kuwa a dubi gabas kafin a fita, domin ruwan Badun ba ya sallama.

Ga hanyar da za a bi. A tashi daga Sabo, unguwar da Hausawa suke zaune tun 1916, a bi ta Mokola, a miƙe titin Sango har ƙofar Jami'ar Badun. Wannan jami'a ita ce ta farko a Nijeriya, an buɗe ta a 1948, kuma a cikinta akwai tituna masu inuwar manyan itatuwa inda mutum zai tuƙa a natse. A riƙe katin shaida saboda masu gadin ƙofa. Akwai gidan dabbobi da lambun itatuwa a ciki, ana biyan kuɗin shiga. Nan ne wurin karya kumallo: a shimfiɗa ɗan tabarma, a fito da gurasa da kilishi ko sauran tsiren Sabo na daren jiya, da kunun aya ko zoɓo a gora, da ayaba. Abincin ba sai ya yi tsada ba, ai Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

In an huta, sai a komo ta Bodija a gangaro Sakatariya, a tsaya a lambun Agodi da ke gindin dutsen Mokola. An kafa shi a 1967, ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ta lalata shi, ya daɗe a yashe, sai a 2014 aka sake buɗe shi bayan gyaran da gwamnatin Abiola Ajimobi ta yi. Akwai tafki da ciyawa da wurin zama. A ɗaure kekuna da kwaɗo, a shiga da ƙafa. Duk zagayen nan bai kai kilomita 20 ba, kuma ana iya isa gida kafin azahar.

Waɗanda ƙafarsu ta riga ta saba suna iya canza hanya wani makon. Akwai tafkin Eleyele, wanda aka samu da aka datse kogin Ona a 1942 domin ba gari ruwan sha. Akwai kuma hasumiyar Bower a kan dutsen Oke Are, wadda aka gina a 1936, inda in aka hau ana hangen rufin kwanon Badun iyakar ganin ido. Sai dai hawan dutsen nan ba wasa ba ne, a sauka a tura keke, ba abin kunya ba ne.

Riga-kafi ya fi magani. Tun ranar Asabar a kai kekunan wurin mai faci ya duba birki da iska da sarƙa, domin Badun gari ne na tudu da gangare, kuma gangaren Mokola ba ya yafe wa keke marar birki. A tafi da famfo da kayan faci da ruwan sha, a sa hular kwano. A riƙe hannun dama na titi, a bi juna a jere, a yi hattara da 'yan acaba da ƙananan tasi masu tsayawa ba sanarwa. Ko Cif Ojo Maduekwe, da yake Ministan Sufuri yana kiran jama'a su koma hawan keke, sai da wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja a 2001. In Minista bai tsira ba, ina ga ni da kai?

Babbar shawara kuwa ga maigida take. Wannan fita ba tsere ba ce. Ka sa ta a gaba kana biye, domin saurinta ya zama shi ne saurin tafiyar, kuma kai ne katanga tsakaninta da motocin da ke tahowa ta baya. In ta gaji a tudu, ka sauka tare da ita. Kada ka mai da yawon makaranta, kana ta gyara mata riƙon kan keke. Ka kashe waya, ka bar maganar bashi da ta kasuwa a gida, ka tambaye ta abin da yake ranta, sa'an nan ka yi shiru ka saurara. Mai yiwuwa ka ji abin da ta yi wata shida tana neman sararin gaya maka.

Wanda ba shi da keke biyu ya ari na abokin sana'a na rabin yini. Yara kuma a bar su wurin maƙwabciya, wani makon ku ma ku riƙe mata nata. Mazauna Ikko da Fatakwal da Inugu su ma su dubi garuruwansu, ba za a rasa unguwa mai shiru da inuwa ba. Allah ya ƙara danƙon ƙauna tsakanin ma'aurata, ya kai mu gida lafiya ya komo da mu lafiya, amin.