Ta Yi Iyo da Hannu Ɗaya Don Kada Littafi Ya Kuɓuce Mata

A watan Maris na 2015, wata mata 'yar ƙasar Sikotilan mai suna Lesley Paterson ta sauka a gaɓar tekun Fasifik a ƙasar Kosta Rika, da kekenta da takalman gudunta, ga kuma wa'adin biyan kuɗi ya taho mata gadan-gadan. Dala 10,000 take nema. Ita ba ta da su, mijinta ba shi da su. Hanya ɗaya ta rage mata: ta lashe gasar da ta kawo ta.

Gasar, wadda ake kira XTERRA, wasanni uku ne a ɗaure wuri guda, ba hutu a tsakani. Da iyo ake farawa, kimanin kilomita ɗaya da rabi a teku ko tafki. Mutum ya fito jiƙe sharkaf ya haye keke ya yi wajen kilomita 30, ya dire ya zura takalmi ya yi gudun kilomita 10. Kwalta kuwa babu ita, daji ake ratsawa, da duwatsu da kwazazzabai da saiwoyi da yashi. A tsibirin Maui na Hawai aka fara ta a 1996. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Dirin Daji zuwa gona a tsakiyar damina, bayan ruwa ya zaizaye hanya, ya san yadda irin wannan tafiya ke jijjiga mutum tun daga tafin hannu har kafaɗa.

An haifi Lesley a garin Stirling a 1980. Tana yarinya zari-ruga take bugawa cikin maza, daga baya ta koma gasar wasanni ukun nan ta kan kwalta. Tana da gudu, tana da ƙarfin taka keke, amma iyo ya zame mata ƙarfen ƙafa. Da ta rasa gurbi a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Manchester a 2002, sai ta jingine wasan. Ta karanci wasan kwaikwayo, ta koma San Diego a Amurka tare da mijinta Simon Marshall, malamin jami'a kuma masanin halayyar 'yan wasa. A can ta gano gasar daji, inda hawan dutse da gudu suka fi iyo tasiri. Nan ta samu wurinta, har ta zama zakarar duniya a 2011, ta maimaita a 2012.

To me ya haɗa zakarar duniya da neman kuɗi ido rufe? Littafi ne. A 2006 ita da abokin rubutunta Ian Stokell suka ƙudiri mayar da wani shahararren littafi fim: All Quiet on the Western Front, wanda Bajamushe Erich Maria Remarque ya fitar a 1929. Labarin wani saurayi ne, Paul Bäumer, da shi da 'yan ajinsu aka zuga su suka shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ramukan yaƙi suka cinye su ɗaya bayan ɗaya. Littafin ya tona asirin yaƙi har 'yan Nazi suka ƙona shi a bainar jama'a a 1933.

A harkar fim, wanda bai da kuɗin sayen izinin littafi gaba ɗaya yakan ba masu haƙƙinsa kafin alƙalami, su riƙe masa na wani wa'adi kada su sayar wa wani. Wa'adi ya cika, ko ya sake biya ko ya rasa komai, har da abin da ya zuba a baya. Mutanen ƙasar Zuru ba za su sha wahalar gane wannan ba, domin sun san golmo: saurayi ya shekara da shekaru yana noma gonar surukai, in ya yi sanyin jiki a tsakiya, gumin baya ya tafi a banza. Gonar da Lesley take nomawa ita ce filin gasa. Kuɗin da ta ci da ƙafafunta, shi take miƙawa a sabunta yarjejeniya.

Shekara tara ana haka. Daraktoci sun zo sun tafi. An taɓa ambaton Daniel Radcliffe, tauraron Harry Potter, a matsayin wanda zai ja fim ɗin, maganar ta bi ruwa. Masu zuba jari suna ɗari-ɗari da labarin yaƙin da ya shekara ɗari, wanda kuma aka ba da shi ta idon sojan Jamus. Ga cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa, tana kwantar da ita lokaci zuwa lokaci.

A Kosta Rika, ana gobe gasa ta hau keke don ta duba hanya, kamar yadda 'yan wasan suka saba. Nan ta faɗi, kafaɗarta ta karye. Hannun ya ƙi ɗaguwa.

Wani a nan zai haɗa kayansa, kuma ba mai ganin laifinsa. Ita da Simon zama suka yi suka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya. Gudu zai yiwu, tun da ƙafafu lafiya lau suke. Keke ma zai yiwu in aka ɗora hannun a kan mariƙi aka bar shi nan, a wuraren gangara masu haɗari kuma ta sauka ta tura. Saura iyo. Sai Simon ya tuna mata cewa a wajen atisaye takan yi iyo da hannu ɗaya, kuma ta ƙware a kai. Atisaye ne da masu koyar da iyo ke sa ɗalibai don gyaran bugu, na 'yan mitoci a cikin kwamin wanka. Ita kuwa kilomita ɗaya da rabi za ta yi da shi a teku.

Washegari ta shiga ruwa da hannu ɗaya a manne da jiki. Mai iyo da hannu biyu, kowane bugu yana gyara karkatar ɗan'uwansa. Mai hannu ɗaya kuwa jikinsa janyewa yake yi gefe, dole ƙafafu su ninka aiki, dole ya riƙa ɗaga kai yana duba inda ya nufa, ga igiyar ruwa tana dukan wurin ciwo. Abokan karawarta suka yi mata fintinkau. Sa'ad da ta tako yashi, ta gaba ta ba ta ratar kimanin minti 12.

A irin wannan gasa minti 12 tazara ce mai karya zuciya, amma an fito daga wurin rauninta an shiga gidanta. Ta haye keke ta dinga cin hawa, tana tsintar abokan hamayya ɗaya bayan ɗaya. Inda gangara ta yi muni ta sauka ta tura, kamar yadda suka tsara, domin faɗuwa ta biyu ita ce ƙarshen zance. Ta ajiye keke tana ta biyu. A gudu ta cim ma ta gaban, ta wuce ta, ta riga kowace mace isa layin ƙarshe. Kuɗin suka fito, aka sabunta yarjejeniya.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma nata gudun da saura. Sai da darakta haifaffen Jamus Edward Berger da furodusa Malte Grunert suka shigo, aka yanke shawarar yin fim ɗin da Jamusanci, Netflix ya ɗauki nauyi. Fim ɗin ya fito a watan Oktoba na 2022, shekara 16 bayan kafin alƙalamin farko, bayan ita da abokan tafiyarta sun zuba wajen dala 200,000. A tsakanin nan ma ta sake zama zakarar duniya a 2018. A watan Fabrairu na 2023 fim ɗin ya kwashi kyaututtukan BAFTA 7 a Landan, ciki har da na rubutun da aka ciro daga littafi, wanda ta karɓa tare da Berger da Stokell. A watan Maris ya ci Oscar 4 daga cikin 9 da aka sa shi takara.

Masu ba da wannan labari sukan tsaya a kan taurin ranta. Ni abin da ya fi kama ni lissafinta ne. Ta san abin da take saye da wannan azaba, ta san nawa ne, ta san ranar biya. Ta ware abin da jikinta zai iya da wanda ba zai iya ba, ta yarda a wuce ta a ruwa, ta yarda a gan ta tana tura keke da ƙafa, ita zakarar duniya. Duk da haka kasada ta yi, domin karyayyen ƙashi in aka ci gaba da wahalar da shi yana iya gocewa ya taɓa jijiya, ya bar mutum da nakasa.

Jihar Kebbi ba ta rasa masu wannan jini ba. Ga masu iyo da nutso na kogin Matan Fada a bikin Argungu, ga 'yan kokawar Uhola, ga samarin da ke buga ƙwallo a kowane fili da targaɗe a ƙafa don kada a ce sun ji tsoro. Su nake so labarin ya isa gare su yadda yake. Duk wanda zai shiga fili da ciwo, ya fara tambayar kansa me zai samu, me kuma zai iya rasawa. In amsar ita ce tafi da kirarin yini ɗaya, ya zauna a duba shi a ɗaure masa, ya warke, ya dawo. Jiki guda Allah ya ba shi, kuma da shi zai yi noman baɗi.