Gwajin Jini Zai Iya Rage Tsadar Jinyar Tsutsar Ƙwaƙwalwa

Daga cikin cututtukan da ke cin dukiyar iyali a ɓoye, akwai wadda tsutsar tsila ta alade, wato Taenia solium, take haddasawa idan 'ya'yanta suka isa ƙwaƙwalwa suka yi ƙululu a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta ce sanadin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya a yankunan da tsutsar ta yi katutu, abin da ya sa ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a shekarar 2010.

Mutane da dama na zaton wanda ba ya cin naman alade ya tsira, alhali lamarin ba haka yake ba. Cin naman da bai dahu ba yana sa tsila ta girma a hanjin mutum, amma ciwon ƙwaƙwalwa yana zuwa ne idan aka haɗiyi ƙwayayen da ke fita a bayan gidan mai ɗauke da tsilar, ta hanyar ruwa ko ganye ko hannun mai dafa abinci. A shekarar 1992 likitoci sun ba da rahoton samun cutar a cikin wasu iyalan Yahudawa na birnin New York, waɗanda ba sa cin alade, aka kuma alaƙanta ta da masu aikin gida da suka fito daga ƙasashen da tsutsar ta yawaita. Saboda haka batun ya shafi masu otal da gidajen abinci kamar yadda ya shafi masu kiwo a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Legas.

Maganin cutar sananne ne. Ana ba da albendazole na kwana 10 zuwa 14, a haɗa da praziquantel idan ƙululun sun wuce 2, tare da maganin rage kumburi, domin mutuwar tsutsa kan tayar da kumburi a ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Peru, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa haɗa magungunan biyu ya kawar da ƙululun baki ɗaya a kashi 64 cikin 100 na majinyata, yayin da albendazole shi kaɗai ya tsaya a kashi 37. Ke nan ko da an bi magani mafi inganci, kimanin mutum 1 cikin 3 zai saura da tsutsa mai rai, kuma dole likita ya gano ko wane ne shi.

A nan ne kuɗi ke shigowa. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka tsara a 2017 sun buƙaci a riƙa maimaita hoton ƙwaƙwalwa na MRI aƙalla duk wata 6 har sai ƙululun sun ɓace. A Nijeriya irin wannan na'ura tana manyan birane ne, tana buƙatar tsayayyar wutar lantarki, kayan gyaranta kuma da kuɗin waje ake sayo su. Majinyaci daga karkara zai biya kuɗin hoto da na mota da masauki, ya kuma rufe shago ko ya bar gona na kwanaki.

Gwajin jini iri 2 ne, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin maganar. Na farko yana neman garkuwar da jiki ya samar don yaƙar tsutsa. Fitaccensa shi ne EITB, wanda cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fito da shi a 1989. Yana da amfani wajen tabbatar da kamuwa, sai dai garkuwar kan daɗe a jini bayan tsutsa ta mutu, don haka ba ya iya shaida warkewa. Na biyu yana neman sinadarin da tsutsa mai rai ke zubarwa a jini. Cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Antwerp a Beljiyam ta ɓullo da irinsa, kamfanin apDia kuma ya sa shi a kasuwa. Idan magani ya ci, yawan sinadarin yana sauka. Idan ya ƙi sauka ko ya sake hawa, alama ce cewa da sauran aiki.

Amfanin wannan gwaji ya fi fitowa fili a nau'in cutar mafi haɗari, inda ƙululun ke yaɗuwa a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, har su toshe mafitarsa. Irin waɗannan majinyata kan sha magani na watanni, wani lokaci fiye da shekara 1, kuma hoto ba koyaushe yake rarrabe tsutsa mai rai da tabon da ta bari ba. Awon jini na taimaka wa likita ya yanke shawarar lokacin dakatar da magani, ya kuma hango dawowar ciwo da wuri.

Sai dai gwajin na da iyaka. Idan ƙululu 1 ne tak, sinadarin kan yi ƙarancin da ba a ganinsa, haka nan ƙululun da suka mutu suka ƙandare ba sa zubar da komai, ko da yake suna iya ci gaba da tayar da farfaɗiya. Kazalika jini ba ya nuna wurin da ƙululu yake. Don haka hoton farko ya zama wajibi. Abin da ake fata shi ne a rage yawan maimaita shi.

Ga masu ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu, na'urar ELISA da ake aikin da ita tana cikin kayan da yawancin manyan ɗakuna suka riga suka mallaka. Abin da ake buƙata shi ne shigo da sinadaran, adana su cikin sanyi, da kulla hulɗa da asibitocin da ke duba masu farfaɗiya.

Ta fuskar rigakafi kuwa, a 2016 Indiya ta ba da lasisin allurar aladu mai suna Cysvax, wadda ake haɗawa da maganin oxfendazole. Killace aladu, gina masai, duba nama a mayanka da yi wa masu dafa abinci maganin tsila duk hanyoyi ne na rigakafi.