"Tener": Kalmar da Ke Ɗauke da Yunwa da Shekaru a Sifaniyanci

Ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki Madrid, ko birnin Malabo na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifen a 1968, zai ci karo da kalmar "tener" tun a bakin teburin kwastan. Can ne ake tambaya: "¿Tiene algo que declarar?", wato ko yana da wani abin da zai bayyana.

Asalin kalmar daga Latin ne, "tenere", ma'anarta riƙewa. A yau kuwa ita ce ta mallaka: "tengo una casa", ina da gida. To, amma Sifaniyawa ba su tsai da ita nan ba. Abubuwan da Bahaushe yake "ji" a jikinsa, su "da" su suke. Mai jin yunwa cewa yake "tengo hambre", mai ƙishirwa "tengo sed", wanda sanyi ya dama "tengo frío", wanda barci ya rufe wa ido "tengo sueño". Tsoro ma haka, "tengo miedo".

A nan ne ɗalibin da ya biyo ta hanyar Turanci yakan yi tuntuɓe, domin Turanci ya saba masa da faɗin halin da yake ciki ta wata hanya dabam. Da zai tsaya ga Hausarsa da ya fi samun sauƙi. "Ina da shekara 20" daidai take da "tengo veinte años", kalma bisa kalma. "Kana da gaskiya" kuma ita ce "tienes razón", ba ragi ba ƙari.

In an liƙa mata "que" sai ta koma tilas: "tengo que ir", dole in tafi. Wahalarta ɗaya ita ce ba ta bin ƙa'ida wajen sauyawa: "tengo" ni, "tienes" kai, "tiene" shi, "tenemos" mu, amma abin da ya wuce "tuve" ne. Wannan sai hadda.

Akwai kuma wurin da kuskure yake jawo abin kunya. Wanda zafin rana ya dama "tengo calor" zai ce. Idan ya ce "estoy caliente" a gaban jama'a, to, ya sanar da su sha'awa ce ta taso masa, kuma ba kowane mai masauki ne zai iya danne dariya ba.