Magungunan Ciwon Damuwa da Ciwon Zumuɗi: Yadda Suke Aiki a Jikin Mutum

1. Gabatarwa

Baƙin ciki da farin ciki abubuwa ne da kowane mai rai yake ɗanɗanawa. Sai dai akwai lokacin da ɗayansu kan wuce kima, ya daɗe, har ya hana mutum barci da aiki da zaman lafiya da iyalinsa. A nan ne likitoci ke kiran abin ciwo. Ciwon damuwa shi ne mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ba abin da ke ba shi sha'awa, wani lokaci har ya riƙa tunanin kashe kansa. Ciwon zumuɗi kuwa kishiyarsa ne: barci ya ragu, surutu ya yi yawa, mutum ya riƙa jin ya fi kowa, yana ɓarnar dukiya ba tare da tunanin gobe ba. Wanda waɗannan halaye biyu ke yi wa karɓa-karɓa, ana cewa yana da ciwo mai fuska biyu. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019, kimanin mutum miliyan 280 ne ke da ciwon damuwa, miliyan 40 kuma ciwo mai fuska biyu.

Wannan takarda za ta bayyana yadda magungunan waɗannan cututtuka suke aiki, da dalilin da ya sa suke bukatar haƙuri da kuma kulawar likita.

2. Saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya

Ƙwaƙwalwa tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya biliyoyi. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ƴar rata ƙarama. Idan ƙwaya za ta isar da saƙo, sai ta saki wani sinadari cikin wannan rata, ya ƙetara ya sauka a kan maƙwabciyarta. Irin waɗannan sinadarai ana iya kiran su ƴan aike. Uku daga cikinsu ne suka fi shafar wannan batu: serotonin, noradirenalin da dofamin. Da zarar ɗan aike ya isar da saƙonsa, ƙwayar da ta sake shi takan tsotse shi ta mayar ciki, ko kuma wani sinadari mai rusawa ya wargaza shi. Yawancin magungunan damuwa suna tare ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi biyu ne, ta yadda ɗan aiken zai daɗe a cikin ratar.

3. Magungunan damuwa

Rukuni na farko an same shi ne ba da niyya ba. A 1952, likitocin wani asibitin masu tarin fuka a birnin New York na Amurka suka lura cewa majinyatan da ake ba sabon magani mai suna ifroniyazid sun ware, suna cin abinci, suna walwala. Bincike ya nuna maganin yana hana sinadari mai rusawa aikinsa. Daga baya aka janye shi saboda yana lalata hanta. Sauran ƴan rukuninsa ma suna da sharaɗi mai tsauri: mai shan su in ya ci tsohon cuku ko wasu abinci da aka tsima, jininsa na iya hawa farat ɗaya. Shi ya sa ba a cika rubuta su yanzu ba.

Rukuni na biyu ya fito daga ƙasar Suwizalan, inda likita Roland Kuhn ya bayyana amfanin imiframin a 1957. Ƙanensa amitiriftilin, wanda ake sayarwa da sunan Laroxyl a ƙasashe masu magana da Faransanci, har yau ana amfani da shi sosai saboda araharsa. Waɗannan suna hana tsotse serotonin da noradirenalin, amma suna taɓa wasu wurare da ba a nufa ba. Daga nan ne bushewar baki, taurin bayan gida, gyangyaɗi da jiri suke fitowa. Haɗarinsu mafi girma shi ne, in aka sha da yawa lokaci guda, bugun zuciya yana rikicewa har a rasa rai. Saboda haka majinyacin da ke tunanin kashe kansa ba a damƙa masa su da yawa a hannu.

Rukuni na uku ya keɓanta ga serotonin. Fitaccensu shi ne fuluwoksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987 da sunan Prozac. Bai fi na da ƙarfi ba, amma ya fi su sauƙi ga zuciya. Illolinsa sun haɗa da tashin zuciya, rashin barci da raguwar sha'awar jima'i. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa magungunan damuwa na iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a makonnin farko, a 2007 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa masu ƙasa da shekara 25.

4. Dalilin jinkiri

Maganin yakan ƙara yawan ɗan aike cikin awoyi kaɗan, amma majinyaci ba ya jin sauƙi sai bayan mako biyu zuwa shida. Wannan tazara ta nuna cewa lamarin ya wuce cike gurbin sinadarin da ya ragu. Masana da yawa suna ganin ƙwaƙwalwa ce ke sake tsara kanta sannu a hankali: wuraren saukar saƙo suna canzawa, sababbin haɗe-haɗe suna tsirowa tsakanin ƙwayoyi. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka tattara binciken da aka yi, suka ce babu tabbatacciyar hujja cewa ƙarancin serotonin ne ke haddasa damuwa. A ɗaya gefen kuma, nazarin da Andrea Cipriani ya jagoranta a 2018, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, ya nuna dukkansu sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta tasiri. Ke nan magungunan suna aiki, ko da yake bayanin da aka daɗe ana bayarwa a kansu bai wadatar ba.

Illolin su ne ke fara bayyana kafin amfani, shi ya sa mutane da dama ke yar da magani a mako na farko. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan an sami sauƙi ma, ana ci gaba da sha na aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo, sa'an nan a rage shi kaɗan-kaɗan, domin dainawa kwatsam tana kawo jiri, fushi da rashin barci.

5. Litiyom

Babban maganin zumuɗi gishiri ne na wani ƙarfe marar nauyi mai suna litiyom. A 1949 likita John Cade na ƙasar Ostareliya ya bayyana cewa ya ga ɓerayen Masar da ya yi wa allurarsa sun yi lamo, sai ya gwada shi a kan masu zumuɗi goma, suka natsu. Mogens Schou na Danmak ya tabbatar da haka ta gwaji mai tsari a 1954. Litiyom yana aiki ne a cikin ƙwayar jijiya, inda yake sassauta wasu sinadarai masu ƙarfafa saƙo. Yana kwantar da zumuɗi, yana hana shi dawowa, yana kuma rage haɗarin kashe kai.

Matsalarsa ita ce tsakanin magani da guba tazarar kaɗan ce. Ana so ma'auninsa a jini ya tsaya tsakanin milimol 0.6 da 1.2 a kowace lita. Ya wuce 1.5, sai alamun guba su fara: amai, gudawa, rawar hannu mai tsanani, tangaɗi da ruɗewa. Hanta ba ta sarrafa litiyom. Ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi, kuma takan ɗauke shi tamkar gishirin abinci. Idan jiki ya rasa ruwa da gishiri, ƙoda sai ta riƙe litiyom, ya taru a jini. Wannan abin lura ne ƙwarai a ƙasashen Sahel, inda zafin bazara, yawan gumi, gudawa ko azumi ke iya busar da jiki. Magungunan ciwon jiki da ake saye barkatai, irin su ibufurofen da dikilofenak, su ma suna ɗaga ma'auninsa. Don haka dole a riƙa gwada jini, a kuma duba ƙoda da ƙululun maƙogwaro mai suna tayirod lokaci-lokaci.

6. Sauran magungunan zumuɗi

Inda gwajin jini ke da wuya, likitoci sukan koma ga magungunan farfaɗiya, musamman balfurowat, wanda aka fi sani da Dépakine, da karbamazefin. Balfurowat yana da mummunan haɗari ga ɗan tayi: kusan jariri ɗaya cikin goma yakan zo da naƙasa, uku zuwa huɗu cikin goma kuma su sami matsalar koyo ko ta girman hankali. Saboda haka a 2018 ƙasashen Turai suka tsaurara dokar ba da shi ga matan da ke iya ɗaukar ciki. Idan zumuɗi ya yi tsanani ana bukatar natsuwa da gaggawa, ana ba da masu tare dofamin, kamar halofiridol ko olanzafin.

Akwai kuma kuskuren da ake gudu. Mai ciwo mai fuska biyu yakan je asibiti ne lokacin da yake cikin damuwa, domin a lokacin zumuɗi ba ya ganin kansa marar lafiya. In aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya faɗawa zumuɗi. Shi ya sa likita yake tambayar dangi ko majinyacin ya taɓa yin kwanaki ba barci yana surutu da kashe kuɗi.

7. Kammalawa

An ga cewa yawancin waɗannan magunguna an fara ganin amfaninsu ne kafin a fahimci yadda suke aiki. An kuma ga cewa kowane rukuni yana da nasa sharaɗi: na damuwa suna son haƙurin makonni, litiyom yana son gwajin jini da isasshen ruwa, balfurowat kuma a nisanta shi da mai ciki. Sanin waɗannan sharuɗɗa ya shafi majinyaci da danginsa kamar yadda ya shafi likita, domin a gida ne ake shan maganin, a gida kuma ake fara ganin alamun sauƙi ko na guba.