Me Ke Sa Injin Tsohuwar Fijo Daraja?

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Tunda aka daina ƙera 504, duk injin da ya mutu babu sabon da zai maye gurbinsa, shi ya sa na asali ke tsada.

Galibi injin kabureta ne, ba kwamfuta a cikinsa, don haka bakaniken Gwarzo ko Kabo zai kwance shi ya ɗaure da hannunsa. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, mai saye yana duba lambar inji, da tsatsa, da ko an taɓa buɗe shi. Wanda ba a taɓa ba, shi ya fi kuɗi.