Ƙafar Mota da Tsatsa: Ba Kowane Ƙarfe Ke Son Rufi Iri Ɗaya Ba

Mai sayen mota 'yar Kwatano yakan zagaya ta, ya shafa fenti, ya saurari ƙarar inji, amma da wuya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Motar da ta yi zama a Kanada ko Jamus kuwa ta sha gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara, kuma inda gishiri ya haɗu da danshi, tsatsa ta samu gida. Abin da kanikawa ke kira ƙafar mota, wato sifirin, shokazoba, ƙarafan da ke riƙe taya da ƙusoshinsu, shi ke fara jin jiki. Idan motar ta iso nan, lakar damina da tsakuwar hanya su ɗora daga inda gishiri ya tsaya.

Rufin da aka fi yi wa ƙarfe shi ne tutiya, wadda ke jikin kwanon rufin ɗaki. Amfaninta shi ne ta fi ƙarfe saurin ciwuwa, don haka ko tsakuwa ta karce wurin, tutiyar gefe ce za ta ƙare kafin tsatsa ta taɓa ƙarfen. Ana shafa ta da lantarki a cikin kwamin ruwan sinadari, ta fito siririya sumul, ko kuma a tsoma ƙarfen cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450. Na biyun ya fi kauri da daɗewa, sai dai yana cike zaren ƙusa har noti ya ƙi shiga. Kamfanonin mota da dama sun koma gaurayen tutiya da nikel, nikel ɗin kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, saboda ya fi jure gishiri. Wancan launin rawaya mai sheƙi da ake gani a tsofaffin ƙusoshi kuma wani nau'in kurom ne mai haddasa cutar kansa, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a sababbin motoci tun Yulin 2007.

Kurom mai walƙiya, wanda samari ke so, ado ne kawai a nan. Da ya tsage, ƙarfen ƙasa ne ke ciwuwa, shi kuma yana ta ƙyalli a sama. Gurbinsa na gaskiya shi ne sandar shokazoba, inda ake buƙatar santsi da tauri don kada robar bakin ta cinye, mai ya tsiyaye.

Babban haɗarin ido ba ya ganinsa. Yayin wanke ƙarfe da asid da shafa masa rufi da lantarki, iskar haidurojin kan kutsa cikinsa. Ƙarfe mai taushi bai damu ba. Amma mai tauri, irin sifirin da ƙusoshin da aka buga wa lamba 10.9 ko 12.9 a ka, sai ya zama mai gautsi. Ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi. A ɗaure shi yau lafiya lau, bayan kwanaki ya karye ɗas, wataƙila mota na tsakiyar gudu. Maganinsa shi ne a gasa shi a tanderu, zafi wajen digiri 200, na sa'o'i, jim kaɗan bayan shafa rufin. Mai aikin da bai san wannan gashi ba, bai kamata a ba shi ƙusar ƙafar mota ba, komai arhar aikinsa.

Shi ya sa masana'antu ke rufe sifirin da garin fenti da ake gasawa, ƙusoshi masu tauri kuma da ɓarɓashin tutiya irin na Geomet, wanda ake tsomawa a gasa ba tare da lantarki ba.

Saboda haka mai gyaran tsohuwar mota ya raba kayansa. Ƙananan maƙalai da faranti, tutiya ta wadatar. Manyan ƙarafan riƙe taya, a kankare tsatsa tas a yi musu fenti mai kyau. Sifirin da ƙusar da tsatsa ta riga ta ci kuwa, kada a ɓata kuɗi wajen yi musu kwalliya. A duba lambar da ke kan tsohuwar ƙusa, a sayo sabuwa mai lamba iri ɗaya.